Mai Fanka Ya Shiga Harkar Tsere

Duk wanda ya taɓa kai gyara shagon Mai Fanka ya san ba fankar kaɗai zai ɗauko ba, sai an haɗa masa da labarin gudu. Yana kwance noti yana ba ka labarin yadda a zamaninsa ya yi tsere da babur ya bar shi a baya, har mai babur ɗin ya sauka yana duba ko mai ne ya ƙare masa. A faɗarsa, Guguwa ake ce masa a makaranta. Ba a taɓa samun wanda ya kira shi haka ba in ba shi da kansa ba. Matarsa kuwa ta ce tun da ta aure shi sau ɗaya ta ga ya yi gudu, ranar da karen maƙwabta ya tsinke, kuma ko a ranar karen ne ya ji tausayinsa ya tsaya.

A bayan makarantar unguwar akwai fili, kuma ƙungiyoyin tseren yara biyu ne ke amfani da shi, Barewa da Walƙiya. Asali ƙungiya ɗaya ce, iyaye suka yi faɗa a kan launin riga, aka rabu. Yaran ba su damu ba, tare suke zuwa makaranta suna raba alewa. Iyayen ne ba sa ga maciji. Duk shekara ana yin gasa, wadda ta ci ita ke da filin da yamma in rana ta yi sanyi. Wadda ta faɗi kuwa sai ta yi atisaye da tsakar rana, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema. 'Yan Barewa sun daɗe suna gasuwa.

'Yar autar Mai Fanka tana Barewa, kuma ita ce ke gudun ƙarshe a tseren miƙa sanda. Yarinya ce siririya marar surutu, in ta saki ƙafa sai ka rantse ba ta taka ƙasa. Da Koci, wata tsohuwar malamar motsa jiki mai usur a wuya, ta nemi iyaye su yi aikin sa kai saboda gasar ta matso, Mai Fanka ne ya fara ɗaga hannu.

"Madalla," in ji Koci. "Kai za ka riƙa kawo ruwan sha."

"Ruwa?" Mai Fanka ya dubi sauran iyaye yana dariya. "Malama, Guguwa guda a gabanki, ki ce ya ɗauki jarka? Ni dabara zan kawo muku. Bana Walƙiya sai ta sha rana har ta yi baƙi."

"Ka kawo ruwan tukuna, dabarar ta biyo baya."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙanin matarsa, wani direban tasi mai bakin tsiya, yana ɓangaren Walƙiya. Ɗan direban, wanda kowa ke kira Lukuti, shi ma yana gudu, in dai za a kira abin da yake yi gudu. An sa shi ne don ya rage tumbi, kuma duk tseren da ya shiga shi ke zuwa na ƙarshe.

Ranar da Direba ya ji labari, takanas ya tsaya da mota a ƙofar shago.

"Mijin Yaya, an ce an ba ka muƙami. Ministan jarka."

"Kai yaro, tafi ka nemi fasinja. Lokacin da nake karɓar kofi kana tsotsar yatsa."

"Ina kofin?"

"Ya ɓace a ƙaura."

"Ai kuwa ni na kwashe muku kaya da kuka ƙaura. Kofin shayi kawai na gani, shi ma ba hannu."

Mai aski da ke shagon kusa ya yi dariya har ya kusa yanke wa mutum kunne. Mai Fanka ya yi ƙwafa, ya ce su jira.

Dabara ta farko ita ce leƙen asiri. Ya ce ba yadda za a yi Walƙiya ta riƙa ci haka kawai, dole akwai abin da suke ɓoyewa. Da yamma ya ari hular kwano, ya kifa a kai, ya lulluɓa da rigar ruwa alhali ko gajimare babu, ya hau bishiyar da ke gefen fili. Hawan kaɗai ya ɗauke shi lokacin da duk wanda ke filin ya gama kallonsa. Takalminsa ɗaya ya faɗo, tumbinsa kuma ya fi reshen da ya ɓuya a bayansa faɗi.

Direba ya raɗa wa kocin Walƙiya magana. Sai aka busa usur, aka jera yara, aka ce su yi gudu da baya. Yara suka yi ta gudu da baya suna ƙyalƙyala dariya, Direba yana ɗaga murya yana fuskantar bishiya: "Ku yi a hankali, kada 'yan Barewa su ji! Wannan sirrin daga ƙasar waje aka kawo shi!"

Mai Fanka ya sauko cikin zumuɗi, rabin saukar da ƙafa, rabi da gadon baya.

Washegari da rana Koci ta makara. Kafin ta iso ya tara yaran Barewa, ya ajiye jarka gefe.

"Yau za ku koyi abin da manyan duniya ke yi. Ku juya baya."

"Baba," Auta ta ce a hankali, "mu jira Koci."

"Ni na haife ki ko Koci? Juya!"

Suka juya. Ya ce shi zai nuna musu tukuna. Ya tattare riga, ya fara ja da baya yana bayani, yana ƙara sauri yana ƙara bayani, har ya isa bakin kwatar da ta bi gefen fili. Maganar da ke bakinsa a cikin kwata ya ƙarasa ta. Da Koci ta iso, ƙafafu biyu ta tarar a sama suna harbin iska, yara sun kewaye su, wasu na dariya wasu na neman sanda.

Aka jawo shi baƙi ƙirin yana wari. Bai jira an tambaye shi ba ya ce, "Na nuna musu abin da ba a yi ne. Yanzu sun gane."

"Sun gane," in ji Koci. "Daga yau kada ka sake matsowa kusa da yarana. In kana son aiki, ga farar ƙasa can. Ranar gasa ka zo da sassafe ka zana layukan tsere. Wannan dai ba ruwansa da kowa."

Ita a tunaninta ta kore shi ne. Shi kuwa a hanyarsa ta komawa gida har rangaji yake yi, ƙudaje na rakiyarsa. Matarsa ta hana shi shiga ɗaki, ta miƙo masa bokiti da sabulu ta taga.

"An ba ni filin gaba ɗaya," ya ce mata daga tsakar gida. "Duk wanda zai yi gudu ranar nan, a kan layina zai yi."

"Allah Ya sa layin ya fi hanyarka ta yau miƙewa."

Ana gobe gasa ya kira mai aski cikin shago, ya rufe ƙofa, duk da ba wanda ke sauraro sai matattun fankoki.

"Ka san filin nan. A can ƙarshensa akwai tsohuwar bas ɗin makaranta da ta mutu, ga tulin yashi a gefenta. In masu gudu suka shiga kwanar nan, 'yan kallo ba sa ganin su sai sun fito. To bara a layin ciki aka sa Barewa, bana ma nan za a sa mu. Zan zana sauran layuka su zagaya yashin, na ciki kuwa ya yanke ta tsakanin yashin da bas. Yaronmu zai shiga tare da kowa, ya fito shi kaɗai."

"Wannan ai maguɗi ne."

"Lissafi ne. Kai aski ka sani." Ya jawo wani ɗan gwangwani daga ƙarƙashin tebur. "Ga na biyu. Yaranmu sanda ke suɓuce musu wajen miƙawa. Wannan gam ɗin da shi nake liƙe fiffiken fanka, ko shekara ta yi tana juyawa ba ya saki. Zan ɗan shafa wa sandarmu."

Mai aski ya leƙa gwangwanin. "To in ta manne a hannun ta farko, da me za ta miƙa wa ta biyu?"

"Kaɗan zan shafa."

"Kaɗan ɗin ba ya kamawa?"

"Yana kamawa, amma da hankali. Kai dai ka zo kallo."

"Wallahi ko shago zan rufe sai na zo."

Gari na wayewa Mai Fanka yana fili da bokitin farar ƙasa. Ya zana layukansa, wasu sun miƙe, wasu kamar sawun maciji, ya yi aikinsa a bayan bas, ya tsaya ya yaba wa kansa. Kafin hantsi fili ya cika. An kafa rumfuna biyu nesa da juna, iyayen Barewa cikin kore, na Walƙiya cikin rawaya, kowa na harar kowa. An ɗauko alƙalin wasa daga wata unguwa, dogon mutum marar fara'a, don kada a ce ya yi son kai. Mai lasifika yana ta gwada murya.

Mai Fanka ya zagaya bayan rumfa da sandar Barewa. Ya shafa gam kaɗan, ya duba, ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara. Ya sake dubawa ya ƙara. Ya riƙe ta a can ƙarshe da yatsu biyu yana kaɗawa don ta sha iska. Yana cikin haka ya ji lasifika:

"Tseren zagaye ɗaya na yara maza! Tun da bara Barewa ce a layin ciki, bana Walƙiya ce za ta shiga ciki!"

Ya fito da gudun da matarsa ba ta taɓa gani ba.

"Alƙali! Tsaya! Layin ciki namu ne!"

"Bara naku ne."

"To ai mun saba da shi!"

"Sai ku saba da na waje. Koma rumfa."

"Yaranmu ba sa jin daɗin waje, iska ta fi yawa a can."

"Mijin Yaya," Direba ya kira daga ɗaya rumfar, "mai gyaran fanka ne ke tsoron iska?"

Rumfar rawaya ta kwashe da dariya. Mai Fanka ya leƙa ya ga wanda Walƙiya ta sa a layin ciki. Lukuti ne, yana tsaye yana lasar yatsa. An sa shi ne don ya cika adadi. Hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya ce a ransa, wannan ko a mota aka ɗauke shi sai ya zo na ƙarshe.

Aka busa usur. Yara suka zuba, yaron Barewa a gaba, Lukuti a baya can yana tafe kamar mai ɗauke da buhu. Ɗaya bayan ɗaya suka shige bayan bas. Lukuti ne ya shiga a ƙarshe. Shi dai an ce masa ya bi layinsa kada ya kauce, kuma yaro ne mai biyayya.

Shi ya fara fitowa.

Lukuti da kansa ya tsaya ya waiga, bai ga kowa ba, ya ɗauka an fasa tseren.

"Gudu!" Direba ya kurma ihu yana tsalle. "Gudu, ɗan albarka, kada ka tambaya!"

Lukuti ya runtse ido ya taho, kumatu na rawa. Sauran suka ɓullo daga bayan yashi suka biyo shi kamar za su tashi sama, amma ina. Da tumbi ya tsinke zaren, yaron Barewa na taɓa rigarsa. Uwarsa ta fashe da kuka. Iyayen Walƙiya suka yi yunƙurin ɗaga shi sama, suka fasa, suka rungume shi a ƙasa.

Da Mai Fanka ya yi shiru, da wataƙila an ce ikon Allah ne an wuce wurin. Amma ya ga Direba yana rawa yana nuno shi da yatsa. Jini ya hau masa kai. Ya damƙe sandar da ke hannunsa da dukan tafinsa, ya nufi tsakiyar fili, ya fizge makirufo daga hannun mai lasifika da ɗaya hannun.

"Maguɗi! Jama'a, maguɗi aka yi! Layin nan gajere ne! Bai zagaya yashi ba, ta tsakiya ya yanke!"

Alƙali ya tako a hankali. "Daga nan ba a ganin bayan bas. Ya aka yi ka sani?"

"Ya ba zan sani ba? Ni na..."

Lasifikar tana da kyau. Har masu sayar da ruwa a bakin titi sun ji.

"Kai ka me?" in ji alƙali.

"Ni na... ji a jikina."

"Wa ya zana layukan nan?"

Duk rumfar kore ta juya ta dube shi. Koci ta cire usur daga wuya ta riƙe, kamar mai tsoron abin da za ta yi da igiyar. Alƙali ya tafi bayan bas da iyaye biyu daga kowane ɓangare. Ba su daɗe ba suka dawo, na rawaya suna riƙe ciki, na kore suna kallon ƙasa.

"Mijin Yaya," Direba ya ce yana share hawaye, "ashe kana ƙaunar ɗana haka? Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa yi masa irin wannan alheri."

"Kuskuren awo ne! Farar ƙasar ce ta zube!"

"Ta zube ta yi kwana da kanta?"

Alƙali ya karɓi makirufo ya sanar: an soke tseren, kuma tun da mai aikin sa kai na Barewa ne ya yi aika-aikar, an zaftare wa Barewa maki. Wata uwa daga rumfar kore ta cire takalmi, aka riƙe ta. Wata ta ce a bar ta kawai ta yi masa magana a kunne, ita ma aka riƙe ta.

"Saura tseren miƙa sanda," in ji alƙali. "Malam, ba yaran sandarsu ka fita daga fili."

Mai Fanka ya miƙa hannu. Alƙali ya kama ɗaya ƙarshen da ya riga ya bushe, ya ja. Mai Fanka ya biyo.

"Saki mana."

"Na saki."

Alƙali ya sake ja, Mai Fanka ya sake biyowa, har suka yi ƙirji da ƙirji.

"Wasa kake yi da ni?"

"Wallahi na saki, ita ce ba ta sake ni ba."

Daga cikin taro aka ji muryar mai aski: "Da hankali take kamawa!"

Nan fa aka yi layi. Koci ta ja, mai lasifika ya ja, wani uba mai aikin ɗaukar kaya ya sa ƙafa a cinyarsa ya ja har Mai Fanka ya kira sunan mahaifiyarsa. Aka zuba ruwan jarka, aka zuba man gashi, wata ta kawo kananzir. Sanda ta zauna daram. Da ya sa hannun hagu don ya taimaka wa na dama, da ƙyar aka ƙwato yatsu biyu.

"Abu mai sauƙi," in ji Direba. "Doka ta ce a miƙa sanda, ba ta ce kada a haɗa da mutum ba. Yaran su riƙa miƙa shi. Ai Guguwa ne."

"Kilo nawa ne Guguwar?" wani ya tambaya.

Wannan karon har rumfar kore sai da ta yi dariya. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Auta tana tsaye a wurin gudunta, ta sunkuyar da kai, ƙawayenta sun ɗan ja baya daga gare ta.

Wata yarinya 'yar Walƙiya ce ta ara wa 'yan Barewa sandar ajiyar ƙungiyarsu. Aka share layin maguɗi, aka tsayar da mutum a bayan bas, aka busa usur. Ba wadda ta yar da sanda. Da ta iso hannun Auta, 'yar Walƙiya tana gabanta da tazara mai yawa. Auta ta bi ta kamar wadda ke gudun wani abu, ta kamo ta a kwanar ƙarshe, ta wuce ta, ta tsinke zare. Ba ta tsaya karɓar tafi ba, ta wuce ta zauna a bayan rumfa.

"'Yata ce!" Mai Fanka ya yi ihu yana kaɗa sanda. "Jinina ne! Gado ba ƙarya ba!"

Da aka haɗa maki, abin da aka zaftare shi ya raba gardama. Walƙiya ta sake cin filin yamma, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Iyayen Barewa suka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon sandar kamar yana auna inda ya kamata ta sauka.

Hannu ya fara kumbura, dole a je asibiti, kuma motar Direba ce kaɗai ta yarda ta ɗauke shi. Ya zauna gaba, matarsa da Auta da Lukuti a baya. Sandar ta hana a rufe gilas, sai ya fitar da hannun ta taga. A mahaɗar farko wani mai mota ya hango sanda a sama, ya ɗauka jami'in hanya ne, ya taka birki. Na bayansa ma suka tsaya.

Mai Fanka ya gyara zama. "Kun gani? Ko a titi an san mutum. Ku bar ni da baɗi. Akwai wata dabara da ban fito da ita ba, wadda in na..."

"Kawu," Auta ta ce.

"Na'am, zakara."

"Walƙiya tana ɗaukar sababbin yara?"

Mai Fanka ya juya zai yi magana, sandar ta bugi rufin mota.

"Ke kam ko gobe," in ji Direba. "Sharaɗi ɗaya ne. Ba a zuwa da uba."

"Wannan ni zan tsaya mata," in ji matar Mai Fanka. "Ranar atisaye zan kulle shi a shago ta waje. Taka mota, kafin ya dafa wani abin mu kwana a nan."